Akwatin Tambaya: Charizard ko Garchomp, wa zai kai wani ƙasa?

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Hunturun bana ya sauko Jos da wuri, har sai na hura hannuwana kafin in iya riƙe sukundireba da safe a shagona na gyaran waya da ke bayan Taminus. A fitowar da ta wuce layi biyu kacal na yi a kan Pokémon, wasan bidiyon nan da ake tara halittu ana haɗa su faɗa, ina ba wani amsa kan wasannin da ba sa shanye batir, sai ga saƙonni suna ta kwarara a kansa har sun danne na caja da na fasasshen sikirin. Na tsamo biyar. Ta farkon ce za ta ci fili, don ita ce uwar sauran.

TAMBAYA: Yaya, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, ina zaune a Unguwar Rogo. Bayan isha'i mukan haɗu wajen mai shayi ni da abokaina, kuma akwai musun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Guda bakwai muka fi so: Mewtwo, Charizard, Pikachu, Lucario, Gengar, Gyarados da Garchomp. Ni na ce bayan Mewtwo sai Charizard. Abokina ya ce ko na biyar bai kai ba. Mun yarda duk abin da ka yanke ya zauna, wanda ya faɗi shi zai biya indomi da ƙwai. Don Allah ka jera mana su bisa ƙarfi a fagen faɗa.

AMSA: Ƙanena, abokinka ne da gaskiya, kuma ba da daɗin rai nake faɗa maka ba.

Wajen 2006 wani kawuna ya zo mini da Game Boy Advance na gwanjo daga Legas, da kaset ɗin Pokémon FireRed a ciki. Irin na farkon nan ne da allonsa ba ya haske, sai ka nemi inda rana take ko ka matsa jikin fitilar ƙwai. Batir biyu yake ci, kuɗin tarana na makaranta a nan suke ƙarewa. Da farfesan wasan ya jera mini ƙwallo uku a tebur ya ce in zaɓa, ban yi wata-wata ba na ɗauki Charmander, ɗan ƙadangaren nan mai wuta a jela. Na sha wuya a hannun Brock mai duwatsu, na ƙara sha a hannun Misty mai ruwa, manyan abokan karawa biyu na farko a wasan. Ranar da ya kai mataki na 36 ya rikiɗa ya zama Charizard kuwa, sai da na zagaya gida uku a Gangare ina nuna wa yara. Don haka ka san wanda ke yi maka magana ɗan gidanku ne.

To amma awo kuka ce in yi muku, bari mu ɗauko mudu.

Kowace halitta a wasan an gina ta ne a kan lambobi shida: yawan jini, wanda yara ke ce wa layif, ƙarfin dukan jiki, jure dukan jiki, ƙarfin duka daga nesa, irin feshin wuta ko tartsatsin lantarki, jure irin wannan dukan, sai kuma sauri. In ka tara na bakwai ɗinku, Mewtwo na da 680, Garchomp 600, Gyarados 540, Charizard 534, Lucario 525, Gengar 500, Pikachu 320. Da jimla ce ke yanke hukunci, da Charizard ya zo na huɗu, kun ga ku duka biyun kun faɗi. Sai dai jimla tana ɓoye abu biyu, inda aka zuba lambobin da kuma jinsin halittar.

Jinsi 18 ne yanzu. Da 15 aka fara a 1996, aka ƙaro duhu da ƙarfe a 1999, aka cike da Fairy, jinsin 'yan aljanun tatsuniya, a 2013. Ruwa na kashe wuta, wuta na cin ciyawa, ciyawa na shanye ruwa, wannan kowa ya sani. Dukan da ya dace da raunin abokin karawa ninki biyu yake shiga. In kuwa halittar jinsi biyu gare ta, kuma dukkansu suna tsoron abu ɗaya, ninki huɗu ne. Ka riƙe wannan ninki huɗun, shi ne zai yi wa Charizard ɗinmu illa.

Mewtwo na ɗaya, babu musu, kuma sanya shi cikin jerin nan tamkar kawo shago ne cikin 'yan sa-zare. Dukansa na nesa 154, saurinsa 130. A wasannin farko ma abin ya fi haka muni, domin dukan fatalwa da ya kamata ya zama maganin jinsinsa, saboda kuskuren da aka yi wajen tsara wasan, ba ya ko taɓa shi. Masu gasa na dandalin intanet na Smogon, waɗanda suka raba halittun aji-aji, suna da ajin da suke kira Uber, inda ake tsare irinsu Mewtwo don kada su hana kowa sakat. Shi ma a can yana da magabata. Arceus na da 720, kuma a 2014 Mega Rayquaza mai 780, wato Rayquaza da ya yi rikiɗar ƙarin ƙarfi a tsakiyar faɗa, ya fi ƙarfin ajin Uber ɗin kansa, sai da aka buɗe masa wani aji daban.

Na biyu Garchomp ne, da tazara mai yawa. Ka dubi saurinsa, 102. Akwai tarin manyan halittu da aka tsayar a kan 100 daidai, har da Charizard, kuma a wannan wasa wanda ya fi sauri ko da maki ɗaya ne shi ke fara duka. Maki biyun nan su suka sa Garchomp ya riƙa kai hannu kafin kowa ya ɗaga nasa. Ga dukan jiki 130, ga jini 108, wato ba irin masu saurin nan ba ne da iska ke ɗauka. Jinsinsa diragon da ƙasa, lantarki ba ya masa komai, wuta rabi take shiga. Duk wanda ya buga Diamond ko Pearl na 2006 ya san abin da Garchomp mai mataki na 66 na Cynthia, zakarar wasan, yake yi wa mutum a karon ƙarshe, bayan ka riga ka gaji da manya huɗun da ke gabanta. Akwai lokacin da 'yan Smogon suka cire shi gaba ɗaya daga ajin gama-gari. Lagonsa ƙanƙara ce, ninki huɗu, kuma tun 2013 dukan diragon ba ya taɓa 'yan Fairy. Wanda ya san haka yakan ajiye masa masu ƙanƙara irin Mamoswine ko Weavile.

Yanzu ka haɗa su a ranka, Charizard ɗinka da Garchomp. Garchomp ya riga Charizard motsawa. Girgizar ƙasar da aka san shi da ita ba za ta taɓa Charizard ba tunda yana tashi, wannan gaskiya ne, amma mai Garchomp ba ya fita ba tare da jifan dutse ba. Wuta na tsoron dutse, mai tashi na tsoron dutse. Jifa ɗaya, in ya samu, an gama. In ma ya kuskure, feshin wutar Charizard rabi zai shiga.

Na uku da na huɗu ne suka sa na daɗe ina juya biro. Gengar na ba na uku, duk da jimlarsa ta fi ta kowa ƙanƙanta in ka cire Pikachu. Dalili shi ne ba a yi asarar ko maki ɗaya a jikinsa ba, an zuba 130 a dukan nesa, 110 a sauri, sauran aka bar su haka nan. Kasancewarsa fatalwa, naushin 'yan dambe da dukan gama-gari ratsa shi suke yi su wuce, sai ka iya turo shi fili a daidai lokacin da abokin karawa ya saki naushi, ya shigo kyauta. Kusan shekara ashirin daga wasan farko bai bar sahun gaba ba. A 2016, da fitowar Sun da Moon, aka ƙwace masa baiwar shawagi da ke kare shi daga girgizar ƙasa, kuma ya ji wannan a jikinsa. Duk da haka ina nan a kan bakana.

Gyarados na huɗu, kuma shi labarinsa ya fi na kowa daɗi. A FireRed akwai wani mutum a ɗakin jinyar da ke bakin Dutsen Wata, yana sayar da kifi a kan kuɗin wasan 500. Magikarp ne, jimlarsa 200, ba abin da ya iya sai fantsala ruwa. Na saya, ƙannena suka ce an cuce ni. Haka na riƙa sa shi a gaba a kowane faɗa ina janye shi nan take don ya samu rabonsa na lada, har ya kai mataki na 20. Abin da ya fito daga ɗan kifin nan macijin ruwa ne mai dukan jiki 125, wanda shigowarsa fili kaɗai ke rage ƙarfin hannun abokin gaba, don baiwarsa ke nan, tsoratarwa. In ka ba shi zagaye ɗaya ya yi rawar diragon, dukansa da saurinsa su ƙaru tare, zai iya share runduna guda. Sai dai lantarki ninki huɗu ne a kansa. Akwai kuma abin da matasa ba su sani ba: kafin 2006 duk dukan ruwa ana lissafa shi ne da lambar dukan nesa, wadda a wajen Gyarados 60 ce kawai. Wato a FireRed da Emerald yana da ƙarfi amma ba shi da hanyar fitar da shi ta ruwa. Diamond da Pearl ne suka raba kowane duka da yanayinsa, sannan Gyarados ya samu hannunsa. Shi ya sa in ana musun ƙarfi nakan fara tambaya, a wane wasan?

Na biyar Lucario, na shida Charizard. Na san a nan za ka miƙe tsaye, ka ce ai in aka haɗa su biyun Charizard ya fi sauri, 100 da 90, kuma wuta na narka ƙarfe. Haka ne, a karo ɗaya da ɗaya naka ne zai yi kisa. Amma faɗan Pokémon shida da shida ne, ana shiga ana fita, kuma tun 2006 akwai wani tarko da ake kira Stealth Rock, duwatsu masu kaifi da ake watsawa a gefen abokin gaba tun farkon wasa, su zauna har ƙarshe. Duk wanda ya shigo fili sai sun yanke shi gwargwadon tsoronsa ga dutse. Lucario kashi ɗaya cikin 32 na jininsa yake rasawa, ko a jikinsa. Charizard rabin jininsa cur, tun bai buɗe baki ba. Ya fita ya dawo, saura ƙiris. Ranar da na fara ganin haka a wasan intanet sai da na ajiye wayar na yi shiru, domin abin da na ɗauka sarki ne na ga yana shigowa a rarrafe. A 2019 an kawo wani takalmi da ke kare halitta daga tarkon, amma kowace halitta abu ɗaya tak take riƙewa, mu a shago laya muke ce masa, kuma in takalmi ya cinye gurbin, babu wurin layar ƙarin ƙarfi. Lucario kuwa yana da rawar takobi da ke ninka dukansa a zagaye ɗaya, da wani duka mai suna Extreme Speed da ke riga na kowa sauka ko da an fi shi sauri.

In kun yarda a sa rikiɗar Mega ta wasannin X da Y na 2013, Charizard ya farfaɗo ƙwarai. Siffa biyu aka ba shi, kowace 634, ɗaya ta koma wuta da diragon, ɗaya tana kiran rana mai zafi da shigowarta. A nan zan iya ɗaga shi sama da Gyarados. Amma Mega Gengar da Mega Lucario su har ajin Uber aka kai su saboda ƙarfi, ka ga ko a can ba zai zama na biyu ba.

Pikachu na bakwai. Jini 35, jure duka 40. A katun kun ga ya kayar da Charizard ɗin zakaran duniya a 2022, amma a can marubucin labari ne ke riƙe da alƙalami.

Ka biya indomin da zuciya ɗaya, ka kuma ci gaba da riƙe Charizard ɗinka. Ka dai samo masa abokin tafiya mai share duwatsu daga fili kafin ya shigo.

TAMBAYA: Malam, ina yi wa ƙasa hidima a Abuja, ina zaune a Kubwa. Na ga Slaking na da jimla 670, kusan ta Mewtwo, ga shi ba a wahalar samunsa. Me ya sa ba na ganin kowa na amfani da shi?

AMSA: Ɗan'uwa, idonka ya ga lamba, saura ka duba layin da ke ƙasanta. Slaking na da dukan jiki 160 da jini 150, amma an ɗaura masa baiwar da ita ce sarƙarsa: in ya yi duka a wannan zagayen, a na gaba kwanciya yake yi. Abokin karawa mai wayo zai kare kansa da Protect, dabarar tare duka, a zagayen dukan, ya yi abin da ya ga dama a zagayen hutun, haka har Slaking ya faɗi bai taɓa kowa ba. Wanda ya buga Ruby, Sapphire ko Emerald ya gamu da shi a hannun Norman, mahaifin ɗan wasan, kuma da wannan dabarar ake wuce shi cikin sauƙi. Regigigas ma 670 ne, shi kuma zagaye biyar na farko da rabin ƙarfi da rabin sauri yake yin su. Da gangan masu wasan suka yi haka. A faɗan biyu da biyu wasu kan sa abokin tafiya ya musanya wa Slaking baiwar, in ta yiwu kuwa abin tsoro ne, sai dai kafin ka gama shirin an riga an gane inda ka dosa.

TAMBAYA: Kawu, ina wuni. Shekarata 14, a Rikkos nake, da wayar yayana na turo. Ni ƙananan nake so, masu kyau, irin Pikachu da Eevee. Yayyena suna yi mini dariya wai 'yan tsana na tara, ba za su taɓa cin kowa ba. Da gaske ne?

AMSA: Lafiya lau, 'yata. Ki kira yayyen naki ki karanta musu wannan.

A watan Agustan 2014 an yi gasar Pokémon ta duniya a birnin Washinton na Amurka. A wannan gasa biyu da biyu ake karawa, kowa ya zo da shida ya zaɓi huɗu. Wanda ya ɗauki kofin manya a shekarar ɗan Koriya ta Kudu ne, Se Jun Park, kuma cikin rundunarsa akwai Pachirisu, wani ɗan kurege fari mai ratsin shuɗi, jimlarsa 405, wanda kafin ranar ba a sa shi a lissafi. Kusa da shi akwai manya, Garchomp da Gyarados. Kin ji a sama na ce lantarki ninki huɗu ne a kan Gyarados. To shi kuregen yana da wata dabara mai suna Follow Me, wadda ke janyo dukan da aka nufi abokinsa da shi ya dawo kansa, kuma baiwarsa ita ce in lantarki ya same shi jini yake ƙara masa. Sai ya zama duk wanda ya auna Gyarados da lantarki, kuregen ya ciyar, shi kuwa Gyarados yana gefe yana rawarsa yana ƙara ƙarfi. A wasan ƙarshe, gaban dubban 'yan kallo, Salamence ya sauke masa ɗaya daga cikin dukan diragon mafi nauyi, ɗan kuregen ya shanye, ya ci ɗan itacen da yake riƙe da shi, ya tsaya da ƙafafunsa. Ki nemi bidiyon, ki ji yadda ɗakin ya ɗauki ihu. Na kalla ya fi sau goma, kuma har yau tsigar jikina na tashi.

Ba zan ruɗe ki ba, Pachirisu shi kaɗai ba zai kayar da Garchomp ba, haka ma Pikachu. Mutumin nan ya zauna ne ya duba abin da rundunarsa ke tsoro, ya nemo wanda zai toshe wannan ƙofar daidai, ya same shi a inda ba wanda ya leƙa. Ke ma abin da za ki yi ke nan. Pikachu na da layarsa ta kansa, Light Ball, wadda ke ninka dukansa iri biyun, sai ki koyi shigo da shi a lokacin da ba za a taɓa shi ba, ya yi aikinsa ya fita. Eevee kuwa hanya takwas gare shi na rikiɗa. Umbreon na da jure duka kamar bangon dutse, Sylveon kuma 'yar Fairy ce, ruwan hoda da ribbon, wadda dukan diragon ba ya taɓawa sam. In yayanki na taƙama da diragon, ita za ki ajiye masa.

TAMBAYA: Ɗana, ni uwa ce a Gwarimpa. Yarona mai shekara 12 ba shi da zance sai waɗannan dabbobi, yanzu kuma ya matsa in saya masa Nintendo Switch. Ban san kan abin ba. Ba caca ba ce? Kuma dole sai na saya?

AMSA: Hajiya, Allah ya raya mana shi. Wasan daga Japan ya fito a 1996. Wanda ya ƙirƙiro shi, Satoshi Tajiri, yaro ne da ya tashi yana kamun ƙwari a bayan gari, kamar yadda muka tashi muna kamun fara da gyare, ko masu kiwon tantabara da suka san kowace da sunanta. Da 151 aka fara, yanzu sun haura 1,000. Faɗan da ake yi a ciki lissafi ne da hangen abin da abokin karawa zai yi, ya fi kusa da dara, ba a sa kuɗi a ci kuɗi. Inda nake ja wa iyaye kunne shi ne katunan da ake sayarwa a rufe cikin leda, yaro bai san abin da ke ciki ba sai ya buɗe, sai ya yi ta saye yana neman mai tsada. Wannan kam ki hana.

Switch da kaset ɗinsa kuɗi ne masu nauyi, kuma ba dole ba ne. In faɗan yake so, akwai Pokémon Showdown, kyauta ne, a burauzar waya ake buɗe shi, ba ya cin data sosai. Sai dai da baƙi daga ko'ina a duniya ake karawa, kuma akwai wurin hira a ciki, don haka ya riƙa yi a falo inda idonki yake, bayan ya gama aikin makaranta, kuma in an kira salla a ajiye. Ki ce ya bayyana miki dalilin da ya sa ruwa ke cin wuta amma ƙasa ke cin lantarki. Yadda zai amsa zai nuna miki ko tunani yake yi ko danne-danne kawai.

TAMBAYA: Oga, direban Keke Napep ne daga Bukuru. Kullum kana auna na mutane. Kai wanne ne naka?

AMSA: Tyranitar, direba, ko da tsakar dare ka tashe ni.

A FireRed sai ka gama wasan, ka tsallaka tsibiri na bakwai, ka yi ta yawo a wani kwazazzabo kafin ka ci karo da ɗan Larvitar, kuma ba ya cika fitowa. Kwana uku na yi ina nema. Daga nan sai reno, don ba ya zama Pupitar sai mataki na 30, ba ya zama Tyranitar sai na 55, ga shi da nawar girma. Batir nawa na ƙona a kansa, Allah kaɗai ya sani. Jimlarsa 600 kamar Garchomp, dukan jiki 134, amma saurinsa 61 ne, kuma jinsi bakwai ne ke masa illa, naushin 'yan dambe ma ninki huɗu. In na sa shi a jerin ɗalibin Unguwar Rogo, a bayan Garchomp zai tsaya.

Abin da ya sa ban rabu da shi ba shi ne yana canja filin kansa. Da ya shigo sai guguwar yashi ta tashi, allon ya yi jaja-jaja kamar hanyar Bauchi a tsakiyar hunturu. Duk wanda ba dutse ba, ba ƙasa ba, ba ƙarfe ba, kashi ɗaya cikin 16 na jininsa zai riƙa zuba a kowane zagaye. Shi kuwa yashin ƙara masa rabin jure dukan nesa yake yi. Dragonite da ke taƙama da baiwar rage rabin duka muddin jininsa a cike yake, yashin nan kaɗai ya isa ya fasa masa ita. Masu ɗaura layar da ke hana mutuwa a duka ɗaya, su ma yashin ke ƙarasa su. In kuma na ajiye Excadrill a bayansa, wanda saurinsa ke ninkuwa cikin yashi, to aiki ya kankama.

Yaron shagona ya gano lagona, kullum da Lucario yake zuwa mini. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar, kasuwa ta yi sanyi, muka zauna a kan benci kowa da wayarsa. Na fito da Tyranitar, ya fito da Lucario, na ga yana murmushi don ya san naushi ɗaya ya isa. Na janye na turo Gengar, naushin ya ratsa iska. Ya dafe kai. A karo na biyu da muka sake zuwa daidai wannan gaɓar, sai ya ƙi sakin naushin, ya yi rawar takobi yana jiran Gengar ɗin, ya kuwa same ni. Watansa huɗu da fara wasan. Direba, in hanya ta kawo ka Taminus ranar Juma'a, ka tsaya, akwai wuri a bencin.